Hadarin Makka a Teku Yake Shan Ruwa

Ranar takwas ga Zulhajji, shekara ta 80 bayan Hijira, zamanin Abdulmalik ɗan Marwana, alhazai na sauke a kwarin Makka, hankali kwance. Yayyafi kawai suka gani a kansu. Ashe can saman kwarin, inda idonsu bai kai ba, sama ta tsage. Da asuba ruwa ya gangaro musu, ya kwashe raƙuma da lodinsu, ya shiga gidaje, wanda ya tsira sai wanda ya haye dutse. Marubuta tarihin Makka irin su Azraƙi sun ajiye labarin da sunan Sailul Juhaf, wato ambaliya mai share komai.

Shekara 1350 cif bayan haka a lissafin Hijira, ranar takwas ga Zulhajjin 1430, wadda ta yi daidai da Laraba 25 ga Nuwamban 2009, alhazai na haramar fita Mina cikin ruwan sama. Su dai sun jiƙe ne kawai. Amma a Jidda, tafiyar awa ɗaya daga wurin, ruwan da ya zuba cikin awa huɗu ya fi wanda birnin ya saba samu a shekara guda. Ya biyo kwaruruwan da ke gabashin gari, ya tarar an gina gidaje da tituna a kan hanyarsa, ya bi ta kansu. Unguwar Ƙuwaiza ta fi kowace shan wuya. Mutum sama da 120 suka rasu, motoci dubbai suka hau kan juna kamar an zubar da kwandon gwangwanaye.

Tsakanin waɗannan ranaku biyu ɗan'adam ya ƙera ma'aunin zafi, ya ƙera na'urar rada mai hango ruwa a cikin gajimare, ya harba tauraro sama. To me ya sa har yanzu ruwa ke iya yi wa Makka da Jidda ba-zata? Amsar sai an fita garin an gangara bakin teku, har ma an leƙa wasu tekunan da ke nesa, inda ake fama da guguwar da ta fi ta Hijaz girma nesa ba kusa ba.

A inda mahaukaciyar guguwar teku ke ɓarna duk shekara, musamman gabar Amurka ta kudu maso gabas, an daɗe da gane cewa in ka jira iska ta iso tudu kafin ka auna ta, ka makara. Shi ya sa suka kai ma'aunan cikin ruwa. Duk wanda ya taɓa kallon masunta a Argungu ya san gora: masunci ya kwanta a kansa, ruwa ya ɗauke su tare. To kwatanta goran ƙarfe mai faɗin kamar mita uku, an ɗaure shi da sarƙa da igiya zuwa ƙasan teku, wani lokaci tsofaffin ƙafafun jirgin ƙasa ne ma ake jefawa su zame masa anga. A kansa an kafa hasumiya ƙarama mai ɗauke da ma'aunin gudun iska, da na nauyinta, da na zafi da laima, da faifan sola. A cikinsa akwai na'urar da ke lissafa yadda igiyar ruwa ke ɗaga shi tana sauke shi. Kowace awa, ko ma ƙasa da haka, yakan aika abin da ya gani ta tauraron ɗan'adam. Wannan shi zan riƙa kira goran awo. Hukumar da ke kula da su a Amurka, mai hedikwata a jihar Misisipi, tana da kimanin ɗari, ban da tashoshin da ta kafa a bakin gaɓa da kan tsofaffin fitilun jiragen ruwa.

Aikinsu na kasada ne, domin ranar da aka fi buƙatarsu ita ce ranar da suka fi mutuwa. A watan Agustan 1992, da guguwar Andrew ta doshi Fulorida, tashar da ke kan fitilar Fowey Rocks ta aiko da gudun iska na kilomita 228 a awa, da wata fizga ta 272, daga nan aka daina jin ɗuriyarta. Cibiyar sa ido kan guguwa ta ƙasar ita kanta, iska ta tumɓuke mata rada daga kan rufi. A 2004 wani gora mai lamba 42040 da ke kudu da gaɓar Alabama ya auna igiyar ruwa mai tsayin kusan mita 16 a guguwar Ivan, sannan ya tsinke daga maɗaurinsa ya bi ruwa. Aka kafa wani a wurin, shekara na zagayowa Katrina ta zo, ya auna kusan mita 17. Kuma wannan ba tsayin igiya mafi girma ba ne, matsakaicin manyan ne. A guguwar Ivan ɗin nan wasu na'urorin sojan ruwa da ke kwance a ƙasan teku sun kama igiya guda mai mita 27 da ɗoriya, tsayin bene hawa tara. Fizgar iska mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa a doron ƙasa ba a cikin ƙaramar guguwa mai juyi ba, kilomita 408 a awa, wata tasha ce a tsibirin Barrow na Ostareliya ta rubuta ta a watan Afrilun 1996, kuma sai 2010 Hukumar Yanayi ta Duniya ta gama tantancewa ta amince.

Mai karatu zai ce, tunda akwai tauraron ɗan'adam, me ya kawo wannan wahala? Tauraro daga sama yake leƙe. Yana ganin bayan gajimare, da siffarsa, da sanyinsa, daga nan masana su ƙiyasta ƙarfin abin da ke ƙasa. Ƙiyasi ne mai kyau, amma ƙiyasi ne. Gora shi ne wanda iskar ta mara da kansa. Da abin da ya faɗa ake gyara ƙiyasin tauraro, da shi ake ciyar da kwamfutocin hasashe, da shi injiniya ke sanin kaurin ƙarfen da zai sa wa tashar jiragen ruwa. Gani ya kori ji.

Akwai abin da ya kamata Bahaushe ya sani a nan, ko don ya ji cewa maganar ba ta wasu can ba ce. Hadarin gabas ɗin da ke tasowa a damina, ya bi ta kan Barno da Damagaram, ya zuba a Kano da Maraɗi da Sakkwato, ba a nan yake ƙarewa ba. Yana tafiya ne a cikin wani lanƙwason iska da ke ratsa Afirka daga gabas zuwa yamma duk bayan kwana uku zuwa biyar, har ya faɗa Tekun Atilantika ta wajen Senegal. Mafi yawan manyan guguwowin da ke rushe gidaje a Karebiyan da Amurka daga irin wannan lanƙwaso suke tsirowa. Hadarin da ya kwaɓe wa wani rufin kwano a Dawanau, bayan mako biyu yana iya zama mai suna a gidajen talabijin na duniya. Don haka ne tun 1997 Barazil da Faransa da Amurka suka jera goruna a tsakiyar Atilantika a ƙarƙashin shirin PIRATA, suna tsaron hanyar da yake bi.

Mu koma Makka. Gaskiyar farko ita ce irin waccan guguwa ba ta zuwa nan. Ba don ruwan Bahar Maliya ba shi da zafi ba. Guguwa na buƙatar ruwan da ya kai digiri 26 da rabi, shi kuwa da bazara yakan haura 30. Abin da ya hana shi ne ƙunci. Inda ya fi faɗi bai wuce kilomita 355 ba, alhali guguwa mai ido ɗaya takan shimfiɗa ɗaruruwan kilomita, kuma tana son ta yi kwanaki tana juyi a kan ruwa ba tare da ta taɓa tudu ba. Hamada ce dama da hagu, busasshiyar iskarta na shaƙe duk hadarin da ya nemi ya yi ƙiba. Ƙofar shiga ta kudu kuma, Babul Mandab, faɗinta kamar kilomita 30 ne.

Amma maƙwabta na sha. A watan Yunin 2007 guguwar Gonu, wadda ba a taɓa rubuta mai ƙarfinta a Tekun Larabawa ba, ta daki gabashin Oman, ta kashe mutum kusan 50, ta yi ɓarnar dala biliyan huɗu. A Nuwamban 2015 Chapala ta sauka kusa da Mukalla a Yaman, ƙasar da yaƙi ya riga ya durƙusar, mako bai cika ba Megh ta bi sawunta ta hau tsibirin Sokotara. A Mayun 2018 Sagar ta kutsa Mashigin Adan har ƙurya, ta sauka kusa da iyakar Jibuti, wato a bakin ƙofar Bahar Maliya. Bayan mako guda Mekunu ta zuba wa Salala ruwan da ya haura milimita 270 a yini ɗaya, ta wuce cikin Rub'ul Khali, hamadar da ko Balaraben ƙauye ke shakkar ratsawa, ta bar tafkuna tsakanin tuddan rairayi. A Oktoba Luban ta ƙara wani. A cikin wannan danshi fara ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, ta sake yi, har zuriya uku, ba mai gani. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ta ninka sau dubu takwas. Ita ce farar da ta tsallaka Afirka ta cinye gonakin Habasha da Somaliya, ta yi wa Kenya ɓarnar da ba ta gani ba cikin shekara 70. Guguwar da ba ta rushe maka gida ba tana iya aiko maka da saƙo bayan shekara biyu.

Wanda ke da alhakin sa ido kan wannan yanki shi ne ofishin hasashen yanayi na Indiya da ke Delhi. Shi ke bin sawun guguwa, shi ke raɗa mata suna daga jerin da ƙasashe 13 suka haɗa. Saudiyya ta shiga cikin waɗannan ƙasashe a 2018, kuma ita ta ba da sunan Jawad da aka sa wa guguwar Disamban 2021 a Tekun Bengal. Sai dai kayan aikin ba kamar na Atilantika ba ne. A can jiragen sama na musamman kan kutsa cikin idon guguwa su jefa ma'aunai; a nan ba a saba yin haka ba. Shi ya sa ƙarfin Gonu har yau magana biyu ce: Indiyawa suka ce kusan kilomita 240 a awa, Amurkawa suka ce 270. Wani ɓangare na saɓanin daga salon lissafi ne, don waɗancan matsakaicin minti uku suke ɗauka, waɗannan na minti ɗaya, amma dukkansu daga hoton tauraro suka karanto. Indiya na da gorunanta a gabashin Tekun Larabawa. Akwai kuma jerin RAMA na haɗin gwiwar ƙasashe a Tekun Indiya, wanda ɓangarensa na yamma ya yi shekaru a kan takarda, saboda jiragen bincike na tsoron 'yan fashin tekun Somaliya. Ko inda babu ɗan fashi akwai masunci. Kifi na son taruwa a inuwar gora, masunta sun sani, sai su ɗaure jirgi a jikinsa, wani ya tsinka igiya, wani ya ɓalle faifan sola ya tafi da shi gida. Ba na zagin su. Mai neman abin kai wa bakin salati bai san cewa ƙarfen nan ne zai gaya wa ƙauyensu ranar gudu ba.

To Bahar Maliya fa? A Oktoban 2008, tun kafin a buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah da ke Suwal, arewa da Jidda, masu bincike daga cibiyar Woods Hole ta Amurka sun kafa gora guda kamar kilomita 60 daga gaɓa, da hasumiyar awo a bakin ruwa. Ya yi shekara biyu yana aiki, har ƙarshen 2010. Abin da aka koya daga gora ɗaya tak ya isa ya nuna yawan abin da ba a sani ba. An ga yadda da hunturu busasshiyar iska kan fetso ta tsakanin duwatsun Hijaz ta hau kan teku ta yi kwanaki tana tsotse ruwa. Teku ne da rana da iska ke kwashe masa kusan mita biyu na ruwa a shekara, babu kogi ko ɗaya da ke zuba a cikinsa dindindin. A ɗaya gefen kuma, kudu da Sawakin, akwai giɓin Tokar, inda iskar bazara kan fito daga Sudan da ƙura ta tayar da teku. Kakanninmu da suka yi shekaru suna tafiyar ƙasa, suna noma a Sudan don su tara kuɗin jirgi, a Sawakin suke shiga kwalekwalen Larabawa mai filafilai su tsallaka Jidda. Ba su da ma'aunin komai sai idon matuƙi da addu'a.

Abin lura shi ne goran nan yana cikin ruwa ranar da Jidda ta nutse. Amma na bincike ne. An kafa shi don a fahimci teku, ba don a tashi gari daga barci ba, kuma aikin bincike wa'adi gare shi: kuɗi ya ƙare, a ciro ƙarfe, a rubuta maƙala. Bambancin da ke tsakanin awo don ilimi da awo don gargaɗi shi ne na farko yana iya jira, na biyu sai an biya masa albashi dare da rana, shekara da shekaru, har a shekarun da ba abin da ya faru. Irin wannan kashe kuɗi ne gwamnatoci ba su cika so ba, don babu ranar yanke kintinkiri.

Me ya haɗa ruwan Makka da teku? Daga Oktoba zuwa Janairu wani harshe na iska mai zafi da rashin nauyi kan miƙo daga Sudan ya kwanta a kan Bahar Maliya. Yana jawo laima daga kudu, har daga Tekun Larabawa, ya haɗa da tururin da tekun ke fitarwa. In aka yi dace a daidai lokacin iska mai sanyi ta gangaro daga wajen Bahar Rum ta bi ta sama, to an ɗora tukunya a wuta an cire murfi. Iskar ƙasa ta taso, duwatsun Hijaz su ƙara tura ta sama, hadari ya haɗu ya tsaya wuri ɗaya yana zuba. Makka kuwa kwano ce. Kilomita 70 ne tsakaninta da gaɓa, duwatsu sun kewaye ta, Masallacin Harami na can ƙasan kwarin Ibrahim, inda duk ɗigon da ya faɗi kan dutse yake nufa. Ruwanta na shekara bai fi milimita 110 ba, abin da Kano kan samu ninkinsa bakwai ko takwas. Amma namu ƙasa na sha, kuma a wata huɗu yake sauka. Nasu a kan dutse yake faɗa, wani lokaci rabin na shekara a la'asar ɗaya.

Tarihin Ɗakin Allah kansa cike yake da wannan. Ginin da Ƙuraishawa suka sake, Manzon Allah (SAW) na da shekara 35, ambaliya na cikin abin da ya jawo shi, kuma katakon rufin daga wani jirgin Rumawa aka samo shi, wanda ya farfashe a gaɓar Bahar Maliya. Zamanin Sayyidina Umar ruwa ya ɗauke Maƙama Ibrahim daga wurinsa, sai da Halifa ya zo da kansa ya mayar, ya kuma sa aka yi madatsa a saman gari. A shekara ta 1039, wato 1630, ruwa ya cika masallaci har bangon Ka'aba ya zube, Sarkin Turkawan Usmaniyya Murad na Huɗu ya sa aka sake ginin da ke tsaye yau. Hoton ambaliyar 1941 kuwa da yawa sun gan shi a waya: wani yaro ɗan Bahrain yana ɗawafi da iyo.

Yau an haƙa manyan hanyoyin ruwa a ƙarƙashin Makka, kuma Jidda ta samu madatsai da magudanai bayan da Sarki Abdullah ya sa aka yi binciken ambaliyar 2009, aka gurfanar da jami'ai da 'yan kwangila, ruwa kuma ya sake dawowa a 26 ga Janairun 2011 ya kashe mutum goma. An kafa Cibiyar Yanayi ta Ƙasa a 2019, tana da rada da tashoshin da ke aiko da awo da kansu, har a Mina da Arfa da Muzdalifa, tana fitar da gargaɗi kala uku: ruwan ɗorawa, ruwan lemo, da ja. Ranar Alhamis 24 ga Nuwamban 2022 aka gwada su. Ruwan da aka auna a kudancin Jidda daga ƙarfe takwas na safe zuwa biyu na rana ya kai milimita 179, ya zarce na 2009. Tituna sun zama koguna, an rufe babbar hanyar Makka na wasu awoyi, jirage sun yi jinkiri. Mutum biyu suka rasu. Tun daren Laraba aka sanar cewa babu makaranta. A ganina wannan sanarwa guda ta yi aikin da ya kai na madatsa, don yaran da za su kasance a mota lokacin da ruwa ya ɓalle suna gida.

Wannan nau'in hadari ke nan da ake iya hangowa da kwana ɗaya ko biyu, kuma a nan ne awon teku ke da amfani ƙwarai: in ka san zafin ruwan da yawan laimar da ke kansa, ka san yawan man da ke cikin tankin. Akwai nau'i na biyu da ya fi wuyar sha'ani, kuma Bahaushe ya san shi sarai. Shi ne hadarin ƙarshen bazara da ke haɗuwa a kan duwatsun Ɗa'ifa bayan azahar, ya gangaro da la'asar, iska da ƙura a gaba, ruwa a baya. Kamar dai yadda a farkon damina uwa kan ɗaga kai ta ga gabas ta yi ja, ta ce a kwashe shanya, a kashe wuta. Faɗinsa bai fi 'yan kilomitoci ba, ransa bai fi awa ɗaya ko biyu ba. Yana iya bi ta tsakanin tashoshin awo biyu ba wadda ta ji shi sosai.

Irinsa ne ya zo ranar Juma'a 11 ga Satumban 2015, bayan ƙarfe biyar na yamma, kwana goma kafin aikin Hajji. Iska ta tura wata ƙatuwar ƙugiyar ɗaga kaya ta kamfanin Bin Ladin da ke aikin faɗaɗa masallaci, ta faɗo ta ɓangaren Safa da Marwa. Mutum 111 suka rasu, cikinsu har da 'yan Najeriya shida, kusan 400 suka jikkata. Ƙarfin iskar bai kai ko matakin farko na guguwar teku ba, wanda ke farawa daga kilomita 119 a awa. Kwamitin bincike ya ce an bar hannun ƙugiyar a ɗage, saɓanin umarnin waɗanda suka ƙera ta, wanda ya ce a sauke shi in ba a aiki ko in ana iska. Shari'a ta yi ta kai da komo har 2023, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta ci kamfanin tarar riyal miliyan 20 saboda sakaci.

A nan nake ganin duk maganar ta taru. Ana iya cika teku da goruna, a dasa ma'auni a kan kowane dutse, amma lamba ba ta sauke ƙugiya. Tsakanin na'urar da ta ji iska da mutumin da hannunsa ke kan makunni akwai sarƙa mai zobba da yawa: mai karanta awo, mai fassara shi zuwa gargaɗi, mai aikawa, mai karɓa, da mai ikon cewa a tsaya ba tare da tsoron maigida ba. A 2015 ba a teku sarƙar ta tsinke ba. Ranar 22 ga Agustan 2023 iska mai gudun sama da kilomita 80 a awa ta sake dukan Makka, aka ga masu Umara na kama juna, shingayen roba na yawo a harabar masallaci, walƙiya na sauka kan dogon agogo. An sha tsoro, aka kwana lafiya.

Zafi ma awo ne, kuma shi ya fi kisa. A Hajjin 2024 ma'aunin Harami ya nuna digiri 51.8, hukuma ta ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, wato ba su da tanti mai sanyi ko motar da za ta ɗauke su. Kowa ya san za a yi zafin. An faɗa, an nanata. Waɗanda ba su cikin rajista su ne saƙo bai da hanyar isa gare su, in ma ya isa ba su da inda za su fake.

Zoben ƙarshe na sarƙar nan namu ne. Hajiyar da ta taso daga ƙauyen Gumel ko Tasawa, wayarta ta yi ƙara da saƙon jan gargaɗi, me za ta yi da shi? Malaman bita suna koya mata farillai da wajibai da abin da ke jawo yanka, kuma sun kyauta. Ban ga abin da zai hana a ƙara rabin awa a kan sama da ƙasa ba: cewa in gari ya yi duhu ta wajen duwatsu a nisanci allunan talla da wuraren gini, cewa busasshen kwari a Hijaz ba wurin hutawa ba ne ko da ba a ga ɗigo ba, cewa ramin da motoci ke bi ƙarƙashin gada shi ne farkon cika. An iya kai huɗubar Arfa kunnen alhaji da Hausa. Jami'in alhazai na jiha ko na Nijar da ke da lambar kowa a tantinsa zai iya juya gargaɗin yanayi zuwa saƙon murya na minti ɗaya. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna can kuma a unguwannin kan dutse da bakin kwari suke, inda gini ya riga tsari zuwa.

Wani zai ce ai mutuwa a Makka rabo ce. Haka ne, kuma ba mai jayayya da ƙaddara. Amma Sayyidina Umar da ya gina madatsa ya fi mu sanin tawakkali.

Masu bincike sun nuna cewa Bahar Maliya na ɗumama fiye da matsakaicin tekunan duniya, kuma wani nazari da aka buga a 2017 ya danganta yawaitar guguwa masu tsanani a Tekun Larabawa bayan damina da ɗumamar da ɗan'adam ya jawo. Iska mai ɗumi ta fi ɗaukar laima, kusan kashi bakwai cikin ɗari a kan kowane digiri guda. Kalandar Hijira kuma tana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara. Hajji ya fara fita daga tsakiyar zafi. A 2030 cikin Afrilu za a yi shi, a 2034 ƙarshen Fabrairu. Daga 2037 zai shiga Janairu, ya gangara Disamba. Saurayin da ya fara zuba adashin Hajji bana, in Allah ya ja kwana ya kira shi a 2042, zai fita Mina ranar takwas ga Zulhajji a cikin kwanaki goman ƙarshe na Nuwamba, lokacin da harshen iskar Sudan ke kwance a kan teku.